Katunan da Shatu ta Zuba a Toka

Ƙadri ya dawo Dogon Baure, wani ɗan ƙauye a gefen Kona, a shekarar da soja suka karɓi mulki. Ya zo da jakar tufa guda da wani karto, babban kwali, da ya hana kowa taɓawa. Mutane suka ɗauka dukiya ce, don ba a sa ran mutum ya daɗe haka yana aikin biro, wato ofis, a Yamai babban birni ya dawo rungume da abin banza. Da ya buɗe, sai ga katuna ɗaruruwa, kowanne ya ɗan fi tafin hannu tsawo, an huhhuda su da ƙananan ramuka. Shatu, yayarsa, wadda ta riƙe gidan tun rasuwar iyayensu, ta ɗauki ɗaya ta juya gaba da baya, ta ce wannan ko fifita wuta ba zai yi ba.

"Magana ce, Yaya," in ji Ƙadri. "Magana da inji."

A biron da ya yi aiki akwai wani inji mai lissafi, ordinatar, wanda ya cika ɗaki guda, ana hura masa sanyi alhali ma'aikata na tsiyayar zufa. Injin ba ya jin maganar baki. Sai an rubuta masa umarni jimla-jimla, kowace jimla a kati guda, a huda, a jera bi da bi, sannan a zura masa. Ƙadri ya ga abin da fari ya yi wa ƙasar a shekarun nan, sai ya riƙa zama a lokacin hutunsa yana rubuta wa injin wani dogon bayani a kan rijiyoyi. A ba shi awon ruwan kowace rijiya da yawan abin da gari ke ja, shi kuma ya faɗi wadda ta fi jigata, don a fara ƙara mata zurfi kafin sauran. Ya huda, ya jera, ya ja layin tawada a karkace a saman tarin, yadda masu aikin ke yi don kada jeri ya ɓace musu. Ranar da aka sa masa zai zura katunan, rediyo ya wayi gari da kiɗan soja. Biro ya yi kwanaki a rufe. Da aka buɗe an sake shugabanni, an rage ma'aikata, har da shi.

Injin bai karanta ko kati ɗaya ba, kuma abin da ke cin ran Ƙadri ke nan. Bai sani ba ko abin da ya rubuta magana ce da inji zai ji, ko kuwa shirme ne kawai ya zauna ya huda a takarda.

Mu mutanen garin mun sha labarin yaren inji har ya fita mana ta hanci. In kana so tuwonka ya huce, ka tambayi Ƙadri a gindin baure yadda ake magana da ordinatar. Da farko, in ji shi, injin ba ya gane komai sai akwai wuta, babu wuta. Mutum zai zauna yana rubuta lambobi zalla, ko ya yi ta cire waya daga wannan rami yana sokawa a wancan, in ya kuskure guda ya yi ta nema har kansa ya yi ciwo. Da aka gaji, aka raɗa wa umarnin gajerun sunaye. Sannan wasu mutane a Amurka suka yi wani abu da Ƙadri ba ya iya faɗa sai ya sauke murya. Suka rubuta tafinta. Ba irin wanda ke tsayawa bayan kumandan a zamanin Nasara ba. Wannan na lambobi ne, yana zaune cikin injin. Kai ka rubuta lissafinka kusan yadda mushe, malamin boko, ke rubutawa a allon lakwal, shi ya mayar da shi akwai wuta, babu wuta. Yaren da aka yi wa wannan tafinta sunansa Fortran, ya girmi ƴancin Nijar da shekara uku, kuma da shi Ƙadri ya rubuta nasa. Bayansa aka yi wani, Kobol, don aikin biro, wai har da mata cikin waɗanda suka tsara shi.

Yawancinmu dariya muke yi. Yara kuwa sun daina ce masa Baba Ƙadri, sai Baba Hwartaran. Liman Abdurrahamane ne kaɗai ya taɓa dakatar da shi da tambaya.

"To shi tahintan, wa ya koya mishi?"

"Mutane sunka rubuta shi, Malam. Da lambobi, da hannunsu."

Liman ya ja gemu. Can ya ce tsarki ya tabbata ga Wanda ya koya wa Adamu sunaye, ashe har yanzu ɗiyansa ba su gama da abin ba. Daga ranar ya hana yara tsokanar mutumin, ko da yake ba su fasa ba.

Haka aka shekara goma. Ƙadri ya koma noman gero da wake, bai iya ba sosai, idonsa kuma ya fara yin yana. Sai fari ya sake dawowa, wanda ya fi na baya muni. Gero ya tsaya a gwiwa ya ƙone. Boda a rufe, samari ba su da inda za su je ci-rani, kowa ya zuba ido ga kamiyon da ke kawo jar dawa ta taimako. A ranin nan Ƙadri ya tafi Maradi a duba masa ido, aka ce ya jira yanar ta nuna. A mota kan hanyar dawowa ya ji wani ma'aikaci na cewa an kawo ordinatar a Tasawa, a biron wani furoje, shirin taimako na gyaran rijiyoyi. Mutumin da ya tafi yana laluben hanya ya shigo gida kamar saurayi, ko ruwa bai sha ba ya wuce ɗakin ajiya. Karto ba ya nan.

Ga abin da ya faru. Shatu ta shiga ɗaukar ƙwarya ta tarar gara ta ci gindin karton. Ita kuwa duk Dogon Baure an san ba a kai ta iya ajiye iri. Waken da ta ajiye ba ya yin ƙwari, ko shekara ta zagayo. Sai ta yi wa katunan ƙanenta gatan da take yi wa iri. Ta tankaɗe toka mai laushi, ta shimfiɗa a gindin babban tulu, ta ɗibi katuna ta warwatsa su yadda toka za ta taɓa kowanne, ta ƙara toka, ta ƙara katuna, har suka ƙare. Ta rufe bakin ta liƙe da laka. Tana ma jiran godiya.

"Gara ta hwara cin kayanka," ta ce. "Da ban zuba su a toka ba, da yanzu ƙasa za ka iske."

Ƙadri ya fasa lakar, ya zura hannu, ya zaro katuna biyu ya kai su dab da ido. Layin tawada ya kau, ɗan rubutun da ke saman kowane kati ma toka ta goge shi. Ya zauna a ƙasa.

"Yaya, kin hautsina su."

"Ko guda ban yar ba. Ƙirga ka gani."

"Ba yawansu ba ne. Jerinsu ne maganar. Kowane yana da na gaba gare shi da na baya gare shi."

"Ni dai tun kana rarrahe haka nika ajiye wake, kuma ba waken da ya taɓa ce mini shi ne na hwari."

Gaskiyarta, kuma gaskiyarsa. Ya yini bai yi mata magana ba, ita ma ta kai masa fura ta dangwarar ta fita. Washegari da kanta ta yi wa tulun gammo, ta roƙi maƙwabcinsu Sha'ibu, wanda zai kai fatun shanun da suka mutu kasuwar Tasawa, ya ɗauki ƙanenta da kayansa a amalanke.

A shingen shiga gari wani soja ya tsayar da su. Tulu a rufe a shekarar yunwa abin tuhuma ne, don an hana ɓoye hatsi. Ya zura hannu yana neman gero, ya fito da kati. Ya ɗaga shi sama, rana ta ratso ramukan ta sauka a fuskarsa. Ya tambaya ko laya ce. Ƙadri ya gyara zama zai fara daga akwai wuta, babu wuta, Sha'ibu ya yi maza ya ce i, laya ce, ta rijiya. Sojan ya mayar da katin a hankali, ya goge hannunsa a wando, ya ɗaga musu itacen shingen.

Wadda ke kula da injin sunanta Hindu, ɗiyar Fulani makiyaya daga wajen Kanan-Bakashe, wadda karatu ya yi nisa da ita har ƙasar waje. Mace ce mai saurin magana, ba ta da haƙuri da masu zuwa kallon inji. Amma da tsohon ya gaishe ta da Faransanci mai kyau, ya ce ya yi aiki da irinsa, sai ta ja masa kujera. Ya nemi izini ya taɓa. Ya shafa gilashin, ya shafa madannan, ya kai hannu baya ya tarar da bango.

"Ina sauran shi?"

"Shi ke nan duka, Baba."

Ya sake shafawa daga wannan gefe zuwa wancan. Abin da ya bari a Yamai ya cika ɗaki, yau yana zaune a kan tebur, jaki ɗaya zai ɗauke shi har da mai shi. Ya yi ta salati a hankali. Sannan ya tambayi inda ake zura kati.

"Ba shi da wurin kati. Kuma wannan ba shi da tahintan Fortran, Baba. Basic yake ji."

Ƙadri bai taɓa jin sunan ba. Ya ɗora hannu a bakin tulun da Sha'ibu ya ajiye gefen ƙofa. Hindu ta ga fuskarsa, ta tambaye shi me katunan ke faɗa. Da ya bayyana mata, sai ta daina wasa da alƙalamin da ke hannunta. Furojen yana da awon rijiyoyin yankin Tasawa da na Mayahi a cikin disket, amma ayarin masu haƙa guda ne tak, kuma zuwa yanzu garin da mai garinsa ya fi iya zarya a biro shi ake fara zuwa. Ta daɗe tana son rubuta abu irin wannan, aiki bai bar ta ba. Ta ce in zai iya mayar da katunan jerinsu, ita za ta juya su zuwa yaren da injinta ke ji.

Shi ba ya ganin ramukan, ita kuma ba ta taɓa koyon karanta su ba, don a lakwal ɗinsu an wuce zamanin kati. Sai suka raba aikin. Bayan an tashi daga biro, da sauran rana, su shimfiɗa tabarmi a baranda. Ya koya mata tsarin ramin kowane harafi. Ta ɗauki kati ta kakkaɓe toka, ta ɗaga shi wajen rana, ta karanto harafi bayan harafi. Da farko kati guda na cin lokacin dafa shayi. Shi kuwa ya rufe ido yana saurare, sau da yawa kafin ta kai tsakiya sai ya ƙarasa mata jimlar, ya ce ta sa ta a tabarma ta biyu, ƙasa da waccan mai maganar zurfi, ta danne da dutse. Wata jimlar kuma ta ƙi shi, ya yi ta juya ta a baki har ya tafi masaukinsa da ita, da safe ya dawo ya ce ya tuna gidanta. Masinjan biron ya ce shi bai taɓa ganin ana shanyar takarda kamar kuɓewa ba.

Wata rana Hindu ta karanto wani kati, ta tsaya tana kallonsa.

"Baba, wannan jimla akwai ta cikin Basic. In kaza ya hwaru, koma wuri kaza. Kusan haka muke rubuta ta."

"To wa ya ɗauko daga wa?"

Ta ce an faɗa musu a lakwal cewa wasu malamai ne suka yi Basic don ɗalibansu su samu sauƙi, kuma sun ɗibi abubuwa daga Fortran. Ta rubuta haka a jarrabawa ta samu maki, ta manta. Ba ta taɓa zaton za ta riƙe abin a hannu ba, da toka a jikinsa. Ta ji tsigar jikinta ta tashi, kuma ta faɗa masa haka. Wasu mutane da ba su taɓa jin sunan Tasawa ba sun zauna sun yanke yadda za a ce wa ƙarfe "in kaza", maganar ta bi ta hannun wasu, ta sake kama, ta ratsa teku sau biyu, ga tsohuwar da sabuwar sun haɗu a kan tabarma ɗaya.

Daga nan labarin ya juya, ita ke ba shi. Ta gaya masa akwai wani yare, Pascal, mai tsananin ƙa'ida, wanda ba ya yarda ka ambaci abu sai ka fara gabatar da shi. Akwai wasu da dama, kusan kowace shekara ana haifar sabo, wasu kuma suna mutuwa ba mai jin su. Ƙadri ya saurara baki buɗe, shi da ya saba a saurare shi. Sai ya tambaya a hankali, yadda ake tambayar tsohon aboki da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, ko Fortran na nan.

"Yana nan, Baba. Manyan injuna na jin shi har yau."

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya share ido da gefen rawani.

Sai da wata ya kusa zagayowa kafin tabarmin su cika. Suka ɗauki wasu kwanaki yana faɗa tana dannawa, suna gardama a kan yadda za a ce kaza da sabon yaren. Shi yana ganin Basic ya cika sakaci, ita tana ganin Fortran ya cika tsari kamar tsohon soja. A ƴan kwanakin nan masu awo suka dawo daga zagayen ƙauyuka, sakataren biro ya zuba sabon awon cikin disket.

Da hantsi suka gwada, lokacin da kuran, wutar lantarki, ke da ƙarfi. Ƙadri ya sa riga mai tsabta. Ya zauna gefenta ya ɗora hannuwa a gwiwa. Tsoro yake ji. Shekara goma yana iya cewa ba a ba shi dama ba, yanzu kuwa ba sauran wannan mafaka. Hindu ta yi bisimilla ta danna.

Injin ya yi ɗan ƙara. Rubutu kore ya fara fitowa a gilashi, shi haske kawai yake gani yana motsi. Ta karanto masa. Sunan rijiya ta farko, wata ta wajen Urafan, da lambar jigatarta. Ta biyu. Ta uku. Ta jawo takarda ta yi lissafin ta farkon da hannu, ta sake yi, ta ajiye alƙalami.

"Daidai ne, Baba. Ya ji ka."

Ƙadri ya rufe ido. Leɓensa na motsi. Sunaye na ta hawa, ita tana karantawa, rijiyoyin Tasawa, rijiyoyin Mayahi, garuruwan da bai taɓa zuwa ba, injin na auna kowace yadda ya zauna ya tsara a Yamai tun gashinsa na baƙi. Masinja da sakatare suka zo suka tsaya a bakin ƙofa, ba mai tari.

Sai hasken ya daina motsi.

"Ya gama?"

"A'a. Ya tsaya." Ta matso kusa da gilashin. "Ya ce an ba shi ya raba da sihili, ya raba da babu."

Ƙadri ya san wurin nan take. Akwai jimlar da ke raba ruwan da gari ke ja da ruwan da ke kwance a gindin rijiya. Ya tanadi rijiya mai ruwa da yawa, ya tanadi mai kaɗan, ya tanadi mai ɗan abin da guga zai kankaro. Mai babu ko kaɗan bai rubuta mata komai ba. A wajenmu tsohuwar rijiyar gari takan ja baya, takan yi laka, a kwana a bakinta ana jiran ta tara, amma ba a lissafa ta da ƙafewa. Tunanin ma bai zo masa ba.

"Kuskurena ne," ya ce. "Wace rijiya ce?"

Hindu ta danna ta duba awon. Ta sake dubawa.

"Ɗiyata, wace ce?"

"Dogon Baure, Baba. Shekaranjiya anka auna."

Ya bar rijiyar da ruwa. Kaɗan ne, amma ya ji ƙarar guga a ciki ranar da ya taso. Kakan kakansa ne ya haƙa ta, da ruwanta aka yi masa wankan suna, da shi aka wanke iyayensa. Ba wanda ya zo daga gida ya faɗa masa, sai wannan abu da ke kan tebur, wanda bai san ƙishirwa ba, ya zo kanta ya kasa wucewa. Ƙadri ya ji mamaki da baƙin ciki sun haɗu masa a ƙirji, bai san wanda ya fi nauyi ba.

Hindu ta ɗora yatsu a kan madannai.

"Sai mun ƙara mishi jimla. In ruwa babu, mi zai yi?"

Ya daɗe yana tunani. Wannan ce jimlar farko da zai yi da sabon yaren, ba kati, ba huda.

"Rubuta. In ruwa babu, kar ya raba. Ya hwaɗi sunan garin, ya sa shi sama da kowa, ya wuce."

Ta rubuta, ta sake dannawa. Wannan karon injin bai tsaya ba, ya bi rijiyoyin duka har ƙarshe, ya jera su. Ƙadri ya ce ta karanta masa daga sama. Ta karanta Dogon Baure. Ya ɗaga hannu zai miƙe ya je neman motar Kona, sai ta riƙe masa hannun riga.

"Dakata, Baba," ta ce. "Ba ita kaɗai ba ce."

Ya koma ya zauna, ta ci gaba da karantawa.